Itace, gawayi ko gas: da me za a yi girki a gidajen Sakkwato?

A yawancin gidajenmu maigida ne ke yanke shawarar abin da za a yi girki da shi, tunda shi ke fitar da kuɗin cefane. Amma ba shi ke zama gaban murhu ba. Uwargida ce ke durƙusawa tana hura wuta da goyo a bayanta, 'yan mata suna taya ta, safe da rana da dare, shekara da shekaru. Shi ya sa idan maganar itace da gawayi da gas ta taso a majalisa, kuɗi kaɗai ake ƙirgawa: nawa ne ɗaurin itace, nawa ne buhun gawayi, nawa kilon gas ya kai a wannan makon. Lissafin yana da kyau, kuma zan zo kansa. Sai dai akwai abin da ake mantawa a saka a ciki, wato huhun mai girkin da na yaron da ke bayanta. Da shi nake so a auna kowane makamashi kafin a kai ga aljihu.

Hayaƙin da ke sa ido hawaye ba shi ne mafi haɗari ba. A cikinsa akwai ƙananan ɓurɓushi da masana ke kira PM2.5, waɗanda sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashin kai ɗaya. Gashin hanci ba ya tare su, tari ba ya fitar da su. Suna wucewa har ƙarshen huhu, wasu su shiga jini. Daga nan ne ake samun ciwon haƙarƙari a yara, toshewar numfashi a matan da ba su taɓa riƙe sigari ba, hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Ta kuma ce kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ciwon huhu ke kashewa, hayaƙin girki na da hannu a ciki. A ɗakin girkin da iska ba ta ratsawa, yawan wannan ɓurɓushi kan ninka abin da hukumar ta amince da shi har sau 100.

Mu a Sakkwato muna da ƙarin nauyi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta rufe gari da hazo har ba a hango ƙarshen titi. Wannan babu wanda zai iya hana shi. Kuma a daidai lokacin ne sanyi ke kora mata da murhunsu zuwa cikin ɗaki ko rumfar da aka toshe da zana da buhu. Huhun da ya wuni yana shaƙar ƙura sai ya kwana yana shaƙar hayaƙi. Ƙurar ta fi ƙarfinmu, amma wutar girki a hannunmu take.

Itace yana da dalilan da suka sa ya daɗe, kuma ba daidai ba ne a raina su. Ana sayensa gwargwadon abin da ke hannu a ranar. Ba ya buƙatar jari, duwatsu uku sun isa. Yana ɗaukar tukunyar gidan mutum ashirin, yana jure tuƙin tuwo da muciya, yana dafa wake da ganda ba tare da uwargida tana fargabar wuta za ta ƙare a tsakiyar girki ba. Ruwan wankan jego da girkin suna da na biki duk da shi ake yi. A ƙauye ma sau da yawa ba a saye, ana haɗawa da kara da kashin shanu.

Matsalarsa ita ce murhun duwatsu uku ɓarna ne. Daga cikin zafin da ke cikin itacen, abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sauran yana bin iska, wani kuma ya fita a matsayin hayaƙi, domin hayaƙi itace ne da bai gama ƙonewa ba. Idan itacen ɗanye ne ko ya sha ruwan damina, abin ya fi muni. Duk wanda ya shiga tsohon ɗakin girki ya ɗaga kai ya ga yadda kwano da azara suka yi baƙi ƙirin, kunkunniya na rataye, ya ga abin da mai ɗakin ta shekara tana shaƙa. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare wadda nake roƙon a daina ko da ba a sauya komai ba: kunna wuta da leda ko guntun roba ko tsohon silifa. Baƙin hayaƙin nan mai ɗaci yana ɗauke da gubar da babu ita a itace, kuma a daidai lokacin ne mai girki ta kai fuskarta kusa tana hurawa da baki.

Sai maganar daji. Sakkwato na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada waɗanda aka sa a shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Wanda ya san hanyar Illela ko Gada ko Tangaza shekaru talatin baya ya san yadda itatuwa suka ja baya. Marke da kirya da ake nema don ƙarfin wutarsu sun yi wuya a kusa, masu saran itace sai sun nausa nesa, a dazukan da yanzu shigarsu ma kasada ce saboda rashin tsaro. Wannan nisa da wannan kasada suna cikin kuɗin da ake biya a bakin mai itace, kuma ba alamar za su ragu.

Gawayi shi ne wanda mutanen gari suka fi komawa idan gas ya yi tsada, kuma shi na fi so a yi wa karatun natsuwa, domin yana da ruɗi. Da zarar ya kama, ba hayaƙi, ba hawaye, tukunya ba ta baƙi sosai, ana iya ɗaukar kurfoti a kai ko'ina. Ta fuskar ɓurɓushin da na ambata, gaskiya ya fi itace sauƙi nesa ba kusa ba. Amma yana fitar da wata iskar guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Idan aka shaƙe ta, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya rasa iskar da yake rayuwa da ita alhali mutum yana numfashi.

Ga yadda abin ke faruwa. Dare ne na tsakiyar Janairu, an yi haihuwa kwana huɗu. Kaka ta cika kasko da garwashi ta shigo da shi ɗakin mai jego don kada jariri ya sha sanyi, aka rufe ƙofa, aka toshe taga da tsumma saboda ƙura. Niyya ce mai kyau. Can cikin dare mai jego ta farka da ciwon kai mai sara, jiri na ɗibarta, zuciyarta na tashi, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta zuwa ƙofa. Da safe sai a ce zazzaɓi ne, ko gajiyar haihuwa, ko iska ce ta taɓa ta. Wanda barcinsa ya yi nauyi kuwa yana iya ƙin farkawa gaba ɗaya, kuma jariri ya fi kowa saurin galabaita. Alamar da za a riƙe ita ce: idan mutum biyu ko uku da suka kwana ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, kuma suka ji sauƙi da suka fita tsakar gida, to a zargi garwashin. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa sarari, wanda ya suma ko ya rikice a garzaya da shi asibiti. Irin wannan iskar ce janareta ke fitarwa, shi ya sa ba a kunna shi a zaure ko a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana.

Ta ɓangaren daji kuwa gawayi ya fi itace ɓarna. A hanyar gargajiya ta binne itace da ƙasa a cinna masa wuta, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi. Kuma masu yinsa ba busassun rassa suke tsinta ba, manyan itatuwa masu tauri suke kayarwa. Hayaƙin da ba a gani a kicin ɗin unguwar Mabera ko Arkilla ba, an riga an sake shi a dajin da aka yi gawayin.

Kananzir ba zan daɗe a kansa ba. Tun da aka cire masa tallafi a 2016 ya yi ta hawa har ya fita daga sahun makamashin talaka. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2014 ta ba da shawarar a guji girki da shi. Risho yana hayaƙi idan lagwani ya lalace, gurɓataccen kananzir da aka gauraya da fetur yana fashewa, yara kuma suna shan wanda aka ajiye a robar lemo. Ban ga gidan da zan ba shawarar ya zaɓe shi ba.

Akwai hanya ta tsakiya da ake yawan yabawa, wato ingantaccen murhu mai tattalin itace. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan murahu da na girki da hasken rana. Akwai na yumɓu da magina ke iya yi, akwai na ƙarfe irin Save80 wanda masu shi ke cewa yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Hikimarsu ɗaya ce: a killace wutar, a ba ta iska ta ƙasa, a tura zafin ya lashi gindin tukunya da gefenta maimakon ya watse. Ƙananan ƙirare sun isa a yi girkin da a da sai an sa manyan faskare.

Wajen rage kashe kuɗi da sare itatuwa, murhun nan yana aiki, ina kuma goyon bayansa. Wajen kare huhu ne ya kamata a rage buri. A ƙasar Malawi an yi babban gwaji da yara sama da 10,000, aka raba wa wasu gidaje murhun itace na zamani mai fanka, wasu aka bar su da wutar da suka saba. Sakamakon da ya fito a ƙarshen 2016 ya nuna ciwon huhu bai ragu a yaran gidajen da aka ba sabon murhun ba. Hayaƙin da yaran ke shaƙa bai ragu yadda zai isa ba, ga shi mutane suna ci gaba da hura tsohon murhu a gefe, ga hayaƙin maƙwabta da na shara. Don haka wanda ya sayi irin wannan murhu ya yi dabara, sai dai kada ya ɗauka ya sami lasisin shigar da shi ɗaki.

Gas shi ne kaɗai a cikin abubuwan da ke hannun mai matsakaicin ƙarfi wanda ke kusan kawar da hayaƙin. Wutarsa shuɗiya tana ƙone kusan komai, kuma fiye da rabin zafinsa na shiga tukunya. A wani gwaji da aka yi da mata masu juna biyu kimanin 3,200 a Gwatamala da Indiya da Peru da Ruwanda, waɗanda aka ba gas kyauta daga cikinsu suka daina girki da itace, ɓurɓushin da suke shaƙa a wuni ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Adalci ne a faɗi sauran labarin: a wannan gwajin ba a ga bambanci mai yawa a nauyin jariran da aka haifa ba. Gas ba magani ba ne, kuma cututtukan zuciya da huhu na manya shekaru suke ɗauka suna ginuwa, ba a ganin sauyinsu a wata tara. A Ibadan kuma an gwada murhu marar hayaƙi mai amfani da sinadarin itanol da mata masu ciki sama da 300, aka ga jininsu bai hau kamar na masu itace da kananzir ba. Abin da uwargida za ta gani da idonta tun makon farko shi ne idonta ya daina ja, tarin asuba ya lafa, kunun yara ya sauka kafin su makara makaranta, kuma a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ba ta tsaye gaban wuta mai ruri.

Abubuwa uku ke hana mutane komawa gas. Na farko tsoro, kuma tsoron yana da tushe, domin an ga gobara. Amma kusan kullum dalilan sanannu ne: tsohuwar tukunyar gas mai tsatsa, tiyon da ya tsage, kan da ba ya zama daidai, ko mai sayarwa da ke juye gas daga tukunya zuwa tukunya a shago cikin unguwa kusa da mai shayi. Gas na girki ya fi iska nauyi, idan ya zubo ƙasa yake kwanciya, shi ya sa aka sa masa wari don a ji. Idan an ji warin, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Ana gane yoyo da kumfar sabulu a mahaɗar tiyo, ba da wuta ba. A duba shekarar da aka ƙera tukunya a jikinta, domin ƙa'idar Nijeriya shekara 15 ce iyakarta. A ajiye ta a tsaye, a inuwa, inda iska ke wucewa.

Na biyu ɗanɗano. Wata dattijuwa ta taɓa ce wa ɗanta a gabana: "Ɗana, tuwon gas ba shi nuna. Mu da munka tashi cikin hayaƙi, mi yas same mu?" Maganarta ta farko akwai abin dubawa, domin ƙaramar tukunyar gas mai kai a sama ba ta ɗaukar tuƙin babban tuwo, tana rawa, tana iya kifewa. Maganinsa murhun gas mai gajerun ƙafafu na ƙarfe wanda ake ajiyewa a ƙasa, irin wanda maƙera ke yi, a ja masa tiyo. Maganarta ta biyu kuwa, da girmamawa nake cewa abin ya same su. Tarin da ba ya jin magani, numfashin da ke sarƙewa idan an tashi daga sujada, idon da ya yi yana tun kafin tsufa ya kai, da yaran da aka rasa da ciwon haƙarƙari, ba a taɓa jingina su ga murhu ba ne kawai.

Na uku, wanda shi ne babba, kuɗi. Gas yana son jari a farko, sannan farashinsa na hawa da sauka, kuma kafin ya iso Sakkwato daga kudu kuɗin mota ya hau kansa. Gwamnatin tarayya ta ayyana shekaru goma na gas a 2021, ta kuma amince da manufar girki mai tsabta a 2024, amma magidanci ba da takarda yake cika tukunya ba. Duk da haka, kwatanta farashin kilo da kilo kuskure ne. Idan aka duba zafin da ke isa tukunya, kilo 1 na gas yana yin aikin kimanin kilo 4 na gawayi a kurfoti, ko kilo 10 zuwa 12 na busasshen itace a murhun duwatsu uku. Kowa ya gwada a gidansa: a rubuta abin da aka kashe a itace ko gawayi na wata guda, har da na ashana da kananzir ɗin kunnawa, sannan a kwatanta da cikon tukunya da kwanakin da take yi. Gidaje da yawa na cikin gari za su tarar tazarar ba ta kai yadda suke zato ba. Kuɗin itace yana fita ne kaɗan-kaɗan ba a ji, na gas kuma dunƙule yake fita. Wannan ma da sauƙi yanzu, tunda masu sayarwa suna zuba kilo ɗaya ko biyu gwargwadon kuɗin mutum.

Lantarki ya fi kowanne tsabta a cikin kicin, amma girkin da ya dogara da zuwan wuta ba abin da za a ɗora gida a kansa ba ne a halin da ake ciki. Wanda ke da shi ya dafa ruwa da shinkafa idan an kawo.

Ga ƙaramin gida a cikin gari, mata da miji da yara uku ko huɗu, shawarata gas ne, ko da tukunya mai kilo 6 za a fara. Ga babban gida da ake ɗora tukunya lamba goma, ba sai an zaɓi ɗaya an jefar da saura ba. A raba aikin. Shayi, kunu, miya, ɗumame, taliya, duk girkin da ake yi sau da yawa kuma mai girki na tsaye a kansa, a ba gas. Wake da ganda da ruwan wanka, waɗanda ake ɗorawa a tafi a bar su, a ba ingantaccen murhun itace a tsakar gida. Idan aka jiƙa wake tun dare aka kuma rufe tukunya, lokacin dahuwarsa na raguwa sosai. Da wannan rabon, sa'o'in da uwargida ke yi cikin hayaƙi sun ragu da yawa ba tare da kuɗin gas ya karya maigida ba. Gawayi ya zama na ko-ta-kwana ranar da gas ya yanke, a waje, kuma a kashe shi da ruwa ko ƙasa kafin a kwanta. Sanyin ɗaki a yaƙe shi da bargo da hula da safa.

Mai waina da mai ƙosai da mai tuwo-tuwo su ne suka fi kowa shan hayaƙi, wasunsu sa'a biyar ko shida a zaune gaban wuta kullum. Su ne kuma ingantaccen murhu ya fi saurin mayar wa da kuɗinsu, tunda itace na cikin abin da ke cinye ribarsu. Su zauna ta inda iska ke tasowa, hayaƙin ya bi gaba.

A ƙauyen da gas bai kai ba, ko gidan da ko jarin tukunya babu, akwai abin yi da ba ya cin ko sisi. A shanya itace ya bushe sarai kafin a sa shi wuta, a faskara shi ƙanana. A yi girki a fili ko a rumfa mai buɗaɗɗen gefe biyu. Idan dole sai a ɗaki, a huda taga a sama kusa da rufi ta inda hayaƙi zai fita. A kewaye duwatsun murhu da yumɓu a bar ƙofa ɗaya. Mafi muhimmanci, a sauke goyo kafin a hura wuta, a miƙa shi ga kaka ko yaya ko uban da ke zaune a ƙofar gida. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, huhunsa bai gama ginuwa ba, kuma a bayan uwa kansa na daidai inda hayaƙin ke tashi. Idan yaro na tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance lafiya lau ba ya kuka. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 idan ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa 11 idan ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 idan ya kai 40, ko aka ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki idan ya ja numfashi, a kai shi asibiti a ranar, kuma a gaya wa likita da abin da ake girki a gidan.